Kurege Mai Jego

"Ga ta nan, ga ta nanku, ga ta da zafinta!"

"Ta zo mu ji ta tun ba ta huce ba!"

To, ku matso. Kai mai gyangyaɗi, gyara zama.

Wata shekara aka yi a garin dabbobi, shekarar matsi. Kasuwa ta mutu murus, mai saye babu, mai sayarwa sai hamma. Ana cikin wannan hali sai Kada, Sarkin Ruwa, mai kula da rijiya ɗaya tilo ta garin, ya sa aka yi shela.

"Igiya ta yi tsada, guga ya yi tsada, masu yasar rijiya sun ƙara lada! Daga yau tulun ruwa ya tashi daga ludayin gero ɗaya zuwa uku!"

Gari ya ɗauki salati. Da Kada ya ga abin zai zama rigima, sai ya ƙara da cewa, "Amma akwai rangwame. Duk gidan da aka haihu, ruwansu kyauta ne har a yi arba'in, don mai jego ba ta rabuwa da ruwan zafi. Wanda kuwa ya ci rangwamen nan da ƙarya, shi da rijiya har abada."

Kurege yana gefe, ya kasa kunne. Shi gwauro ne, ba mata, ba gero, randarsa ta bushe ƙayau. Ya sani sarai wanda aka raba da rijiya an raba shi da gari ne. Amma kalmar nan "kyauta" ta shiga kansa ta ƙi fita.

Gari na wayewa sai ga shi gaban Kada, baki har kunne.

"Ranka ya daɗe, an sauka lafiya!"

"Wa ya sauka?"

"Iyalina."

"Kai, yaushe ka yi auren?"

"Bara, a ƙauye. Ba a yi taro ba, ka san halin da ake ciki. Kuma kunya gare ta, ko zaure ba ta leƙowa."

"Me aka samu?"

"Namiji, ƙato!"

Kada ya yi masa barka, ya ce ya ɗebi iya ɗibansa.

Ai kuwa Kurege ya shiga ɗiba! Kun san raminsa ƙofa biyu gare shi. Ya shigar da ruwa ta gaba, ya sayar ta baya, tulu ludayi ɗaya kamar da. Kafin ka ce me, ƙofar baya ta zama kasuwa. Rumbu ya cika, kumatu suka fito, har tafiyarsa ta sauya.

Shi kuwa Kada, duk da tsananinsa yana da tausayi. Ya tuna baƙuwar nan ba ta da kowa a gari, sai ya aika wa Gwaggo Bushiya, tsohuwar ungozoma, ta je ta yi mata wankan jego. Idon Gwaggo ya yi rauni, amma hannunta, Allah ya kiyaye!

Kurege na zaune a zaure sai ya hango ta tafe, ga ƙatuwar tukunya a ka, ga damin ganyen darbejiya a hammata. Ya zaga ta baya a guje, ya ɗaura zane, ya kafa ɗankwali, ya rarumo wata doya ya naɗe ta da tsumma, ya kwanta yana nishi.

"Sannu, 'yar nan, sannu da arziki. Kawo shi in gani." Gwaggo ta karɓa ta jijjiga. "Tubarkalla! Nauyi kamar doya. Ga haƙuri, ko uffan."

Kurege ya siranta murya. "Halin ubansa ne, Gwaggo."

Aka dama kunun kanwa, aka gasa nama ya sha yaji. Kurege ya ci, ya sha, ya lashe ludayi. A ransa ya ce, ashe haka mata ke morewa, suka bar mu a waje muna karɓar barka!

Sai tukunya ta tafasa.

Gwaggo ta zaunar da shi a kan turmi, ta tsoma ganye a tafasasshen ruwa, ta ɗaga. Fyaɗa!

"Wayyo, Gwaggo!"

"Yi shiru, haihuwar fari ce. In ɗanyen jiki ya kama ki, ni za a zaga." Fyaɗa!

"Gwaggo, na warke! Wallahi na warke!"

"Juyo da bayan." Fyaɗa!

Ana haka sai sallama daga zaure. Kada ne da kansa, shi da matarsa da rabin gari, sun zo barka.

"Ina angon ƙarni?"

"Gwaggo, bari in zaga," in ji Kurege. Ya fita ta baya, ya yar da zane, ya ɗora hula, ya ɓullo ta gaba. "Maraba, ranka ya daɗe!"

"Ina mai jego? Ruwa na hucewa!" in ji Gwaggo daga ciki.

Ya shiga ta baya, ya ɗaura zane. Fyaɗa!

"Ina angon ƙarni?"

Ya ɓullo ta gaba.

"Ina mai jego?"

Ya shiga ta baya. Fyaɗa!

Shiga, fita, hula, ɗankwali, shiga, fita, har kansa ya juye. Sai ga shi ya faɗo zaure da ɗankwali a ka, zane a ƙugu, ganyen darbejiya manne a goshi, tururi na tashi daga wutsiya. Daidai nan Gwaggo ta fito da jariri don Sarkin Ruwa ya sa masa albarka. Tsumma ya zame, doya ta faɗo tim, ta gangara har gaban Kada.

Kada ya dubi doya, ya dubi Kurege.

"Wannan ne ƙaton?"

"Ranka ya daɗe... kama ce ta wajen uwa."

"Rufe mini baki! Kai da rijiya har abada!"

Nan Kurege ya tsorata da gaske. Ina za shi, a shekarar da ko ɗan'uwa ba ya karɓar baƙo? Amma bakinsa bai mutu ba.

"Na yarda, ranka ya daɗe. Sai dai ka ce duk wanda ya ci rangwamen. Ni ɗiba na yi, ba ni kaɗai na sha ba. A haɗa da masu saye ta ƙofar baya."

Akuya ta sunkuyar da kai. Jaki ya hau kallon rufin zaure.

"Har da wata mai babban tulu," in ji Kurege, "mai zuwa a lulluɓe, ba ta gaisuwa."

"Wace ce? Faɗi sunanta!"

"Ni ce, maigida!" Matar Kada ta yaye mayafi. "Eh, ni ce! Kai ka ce ko gidanka sai an biya. In na kai ludayi uku rijiya, da me zan tuƙa maka tuwo? Ruwan da ka wanke baki da shi yau ma na Kurege ne. Sai ka kore mu tare!"

Kunya ta rufe Kada, ya rasa inda zai sa dogon bakin nan nasa. Can ya yi gyaran murya ya ce tulu ya koma ludayi ɗaya, igiya kuwa a yi ta ɗaurin ƙulli har Allah ya kawo sauƙi.

Gari ya ɓarke da guɗa! Aka ɗaga Kurege sama, ana yi masa kirari. Shi kuma har ya fara ɗaga hannu kamar wani mai sarauta.

"Ku sauke shi," in ji Kada. "Rijiya ban hana ka ba. Amma ruwan jego ka karɓa, jego za ka yi. Gwaggo, safe da yamma, har arba'in."

Gwaggo Bushiya ta gyara ɗamara, ta damƙi wutsiyarsa.

"Taho, 'yar nan. Na ƙara itace."

Shi ya sa har yau in kun hangi kurege a bakin gona, ba za ku gan shi zaune daram ba. Tsaye yake cirko-cirko, yana waige-waige. Wurin zaman ne bai gama warkewa ba.

Ƙurunƙus kan doya! Wanda duk zai yi ƙaryar haihuwa, ya fara tambaya wace ce ungozomar unguwa. Jaririn kuwa da manja aka cinye shi ranar suna, ni ma an ba ni tsakiya.