Nomau da Rabin Kaza

Ga ta nan, ga ta nanku, ku bar surutu haka nan.

Ta zo mu ji ta, Kaka!

Wani mutum ne wai shi Nomau, bawan Allah, ko musu bai iya ba. Ban da 'yar gonarsa, duk abin da ya mallaka ƙwarya ɗaya ce ta geron iri, yana jiran damina. Sai maƙwabcinsa Jatau ya zo da kaza a hammata, ya ce, "Nomau, mu haɗa gwiwa. Kaza tawa, tsaba taka. Ƙwai nawa, 'yan tsaki naka."

Nomau ya ce a ransa, ai tsako ya fi ƙwai daraja, kafin ruwa ya sauka sai ya sayar ya ninka irinsa. Sai ya ce, "Na yarda."

Kaza ta yi ta cin gero tana saka ƙwai. Kullum da safe Jatau ya ɗauke ya soye. Nomau ya gaji da jira, ya ce, "Wai ina 'yan tsakina?"

Jatau ya ce, "Ka ga tsako na hana ka?"

Nomau ya sosa ƙeya. Bai gani ba kam. Sai ya ce, "To, a juya. Ƙwai nawa, 'yan tsaki naka."

Jatau ya ce, "Yadda ka ce."

Ku ji tsiyar kaza! Sai ta shige ƙarƙashin rumbu ta yi kwanci a ɓoye, sai dai ta fito ta ci gero ta koma. Ran nan sai ga ta da 'yan tsaki reras a bayanta. Jatau ya kwashe.

Nomau ya ce, "Ai da ƙwai ne!"

Jatau ya ce, "Da ka ce. Yanzu fa?"

Kan Nomau ya ɗaure tamau. Ya ce, "Kai, a bar wannan. Komai a raba daidai."

"Madalla."

"To, raba 'yan tsakin."

"A'a, waɗannan na tsohuwar ƙa'ida ne."

Washegari sai muzuru ya cafke kazar. Jatau ya zo yana salati, ya ce, "Asara ta same mu. Tunda komai daidai ne, ka biya ni rabin kaza."

Nomau ya ce, "Tsaya. Gerona fa?"

"Yana cikin kaza."

"Kazar fa?"

"Tana cikin muzuru."

Nomau ya san an cuce shi, amma ya rasa ta ina.

Sai ruwan shuka ya sauka. Nomau ya kife ƙwarya ya girgiza, ko ƙwaya. Wallahi har yau abin yana ba ni haushi. Haka ya saɓa sungumi ya tafi gonar Jatau yana yi masa shuka, yana biyan rabin kazar da ko gashinta bai ci ba, tasa gonar kuwa sai ciyawa.

Ƙurunƙus kan kusu, ta ƙare. In za ku haɗa hannu da wani, kada ku tsaya ga rabon riba kawai, ku tambayi na asara tun kaza tana da rai.