Tantin da Awalu Ya Kafa a Pélébina

Akwai wani makanike mai suna Badamasi da ya yi aiki a Gare, wato tashar mota, ta Parakou, shekaru kaɗan bayan Dahome, wato Jamhuriyar Benin ta yanzu, ta samu 'yancin kai. Manyan motocin kaya yake gyarawa. Lokacin kwasar gyaɗa, yakan yi wata biyu bai huta ko yini ɗaya ba.

Ɗansa Awalu, mai shekara sha ɗaya, yana cikin 'yan sikawut na lakwal ɗinsu, wato makarantar boko. Shugabansu malami ne, Mushe Zailani, kamar yadda ake kiran malamai da Faransanci. Shi ya shirya musu kwana biyu a dajin Pélébina, kusa da Djougou, ya ce kowane yaro ya zo da iyayensa, domin ranar Lahadi za a ɗaura wa sabbin shiga irin su Awalu ƙyallen wuya.

Badamasi bai so zuwa ba. Matarsa Memuna ce ta matsa.

"Maigida, kwana biyu ne kawai. Yaron nan ba ya da wata magana sai wannan."

"Kwana biyun da na samu in miƙe bayana? Ga ɗaki, ga katifa, sai in tafi daji in kwanta a ƙasa?"

Ya dai bi su. Ranar Asabar da safe suka cika kamiyo guda, babbar motar kaya, yara na waƙa, iyaye na riƙe da tukwane. A hanya taya ta fashe sau biyu, kuma duk sau biyun kowa Badamasi ya kalla. Sai bayan azahar suka isa, hannuwansa baƙi ƙirin da mai, ƙugunsa na ciwo.

Ya samu gindin ɗorawa ya kwanta, ya rufe fuska da hula. Barci ya fara ɗaukarsa ke nan ya ji ana taɓa ƙafarsa.

"Baba, zo ka ga tantinmu. Ni kaɗai na kafa."

Ya tashi da ƙyar. Tantin ya tsaya, amma ya ɗan karkata gefe guda. Abokan Awalu na tsaye suna jiran jin abin da zai ce.

"Wannan ne ka tashe ni in gani? Ko akuya ba za ta yarda ta kwana a ciki ba."

Ya fizge igiya, tantin ya rushe. Cikin minti biyar ya sake kafa shi tsaf, ya koma gindin ɗorawarsa. Wasu yaran suka yi dariya. Awalu ya ɗauki bokiti ya nufi rafi.

Washegari da hantsi aka jera yaran a fili. Mushe Zailani ya ce, "Kowa ya kai ƙyallensa wurin wanda yake so ya ɗaura masa."

Ɗaya bayan ɗaya yara suka nufi iyayensu. Badamasi ya miƙe, ya goge hannunsa a jikin riga, ya matso gaba. Awalu ya zo daidai da shi, ya sunkuyar da kai, ya wuce. Ya miƙa wa Mushe Zailani ƙyallen.

"Ga babanka nan, Awalu," in ji malamin a hankali.

"Ya gaji, Mushe. Kada a dame shi."

Ba da tsiwa ya faɗa ba. Har cikin ransa haka ya ɗauka. Malamin ya dubi Badamasi, ya rasa yadda zai yi, ya ɗaura.

Da aka watse, Memuna ta sami Badamasi zaune a bayan kamiyo.

"Sati uku yana koyon kafa tantin nan a tsakar gida, da tsohon zanena da turakun kara," in ji ta. "Ya hana ni faɗa maka. So yake ka gani da idonka."

Badamasi ya waiga ya dubi wajen yaran. Sannan ya tashi ya je inda Awalu ke naɗe tabarma, ya durƙusa har kansu ya zo daidai, a gaban yaran da suka yi dariya jiya.

"Tantinka ya tsaya, Awalu. Da na bar shi, da mun kwana lafiya. Ban kyauta maka ba. Ka yafe mini."

Yaron ya dube shi cikin mamaki, domin bai taɓa jin irin wannan daga bakinsa ba. Ya ce, "To, Baba," ya ci gaba da naɗe tabarmarsa.

A hanyar komawa Awalu ya zauna can ƙarshen mota tare da abokansa. Sai da aka kusa shiga Parakou ya ratso ta cikin tukwane, ya zauna kusa da uban.

Sun shirya, kuma Badamasi bai ƙara fashin tafiyar 'yan sikawut ba har Awalu ya gama lakwal. Amma ƙyallen farko sau ɗaya ake ɗaura shi. Har ya tsufa, in ana hirar wannan rana, sai ya ce, "Ina tsaye a wurin, da hannuwana biyu, wani ya ɗaura wa ɗana."

Darasi: Gajiyarka gaskiya ce, amma ba ɗanka ne ya gajiyar da kai ba. Idan ya kawo maka abin da ya yi da hannunsa, ka fara ganin ƙoƙarinsa kafin kuskurensa. Ku tura wa duk uba ko uwar da za ta koma gida a gajiye yau.