Tokar da ke Cikin Waken Inna Kulu

Ku matso, 'yan wannan shafi. Labarin yau da ɓacin rai zan ba ku shi.

Akwai wani ɗalibi mai suna Abdullatif a wata jami'a da ke ƙasar Dutsin-Ma. Yaro ne mai ƙwaƙwalwa, wannan ban musa ba. Amma girman kai, wa iyazu billahi! In yana magana sai ka rantse a gidansu aka raba ilimi. A shekararsa ta uku aka zaɓe shi babban editan jaridar ɗalibai mai suna Fitilar Ɗalibi.

Jaridar nan ba ta yau ba ce. Wani ɗalibi mutumin Kurfi, Dalhatu, shi ya fara ta shekara goma da suka wuce. Da biro yake rubutawa, ya kai allon sanarwa ya manna. Rubutunta ne ya sa aka gyara famfon ɗakin kwanan mata. Ita ta sasanta ɗalibai da 'yan acaɓa lokacin da suka kusa ba hammata iska a kan wurin tsayawa. Daga allo ta koma takardar bugu, daga nan ta shiga waya.

Duk tsawon shekarun nan doka ɗaya ke riƙe da ita: ba a buga laifin mutum sai an taka an same shi, an ji ta bakinsa.

Abdullatif bai ga amfanin dokar ba. "Wannan ai ta zamanin biro ce," in ji shi. "Kafin ka gama gaida mutum da tambayar iyali, wani ya riga ka sakin labari."

Saura mako biyu bikin cikar jaridar shekara goma, shi kuwa ya ƙudurta sai ya samu labarin da zai girgiza makarantar, don a riƙa tunawa da zamaninsa.

To, a bakin ƙofar jami'ar akwai rumfar wata dattijuwa, Inna Kulu, mai ƙosai da alale. Shekara takwas tana wurin, kuma da kaskon nan take ciyar da jikokinta biyu. Wata safiya wani ɗalibi ya turo wa jarida hoton buhun wakenta a buɗe a bayan rumfa. Waken duk ya yi furu-furu da wani gari.

Abdullatif ya buga tebur. "Maganin ƙwari ne! Guba matar nan take ɗura mana!"

Mataimakiyarsa Mardiya, 'yar ƙauyen Kutawa, ta karɓi wayar ta duba. "Edita, wannan kamar toka ce fa. A gidanmu haka ake ajiye wake, a cuɗa shi da tokar murhu don kada ƙwari su huda shi. In za a dafa sai a tankaɗe a wanke. Ga rumfar can, taku nawa ne? Mu je mu tambaye ta."

"Ke dai har yanzu ƙauyanci bai sake ki ba," ya ce, yana yatsina fuska. "Ni, babban edita, zan je neman izinin mai ƙosai? In na tambaye ta, cewa za ta yi e, guba ce?"

Kafin azahar ya saki labarin, da hoton buhu da na fuskar Inna Kulu, da kanu manya: GUBA A ƘOSAN BAKIN ƘOFA.

Jama'a, abin da ya biyo baya ba kyan gani. Ɗaliban da suka shekara suna cin ƙosanta lafiya lau, take kowa ya tuna wani ciwon ciki da ya taɓa yi. Suka yi dafifi a rumfar. Wani ya hamɓare bokitin ƙullu. Wata ta nuna ta da yatsa tana cewa, "Muguwar tsohuwa, mai kisan kai!"

"Mi na yi maku, 'ya'yana?" Inna Kulu ke tambaya. "Toka ce, wallahi toka ce!"

Ta dumbuzo garin daga buhu ta zuba a bakinta don su gani. Maimakon su ji kunya, sai suka ɗaga wayoyi suna ɗauka suna shewa. Abdullatif yana tsaye daga nesa a inuwar darbejiya, yana kallon yadda masu karanta labarinsa ke ƙaruwa. Daɗi har cikin ransa.

Kwana uku Inna Kulu tana hura wuta ba wanda ya tsaya. A rana ta huɗu ta ɗaure kaskonta ta kwashi jikokinta ta koma Kurfi gidan ƙanenta.

Mardiya ta rubuta gyara ta kawo masa. Ko karantawa bai yi ba. "Ni ba na lashe amaina," ya ce, sannan ya cire ta daga zauren ma'aikatan jarida na waya.

Ranar biki ta zo, ɗakin taro ya cika maƙil. Babban baƙo shi ne Malam Dalhatu, wanda yanzu yake koyarwa a Kurfi. Abdullatif ya sha farar shadda ya hau mumbari. Tarihin shekara goma ya bi ta kansa a gurguje kamar mai gudun ruwan sama, ya tsaya a kan nasa.

"Babbar nasarar jaridar nan," ya ce, "ita ce wadda muka samu a zamanina. Mun ceci rayukan ɗalibai daga mai sayar da guba."

Aka tafa. Malam Dalhatu bai tafa ba. Da aka ba shi lasifika sai ya taso da wata baƙar leda a hannu.

"Edita, tambaya ɗaya gare ni. Da kuka je wurin Kulu, me ta ce?"

Abdullatif ya gyara hula. "Malam, ai hoton ya wadatar..."

"Ban tambaye ka hoto ba. Me ta ce?"



Malam Dalhatu ya zazzage ledar a kan teburin manyan baƙi. Wake ne, furu-furu da toka. "Wannan daga rumbun gidanmu na ɗebo shi da safe. Shi mahaifiyata ke ci, shi 'ya'yana ke ci. Don Allah duk wanda a gidansu ake ajiye wake da toka, ya ɗaga hannu."

Hannaye suka fara tashi ɗaya bayan ɗaya, har suka fi rabin ɗakin. A cikinsu har da na yaron da ya hamɓare bokitin ƙullu.

"Kun gani?" in ji Malam Dalhatu, idonsa jajir. "Kun san toka ce, amma kuka ƙaryata idonku saboda Fitila ta faɗa. Shekara goma aka yi ana tara wannan yardar. Kai kuma ka ɗauke ta ka rotsa kan tsohuwa da ita. Tir da wannan aiki!"

A wurin ma'aikatan jaridar suka tsige Abdullatif, suka ɗora Mardiya. Wanda ya shigo yana taƙama ya fita ta ƙofar baya, ɗalibai na yi masa ihu. Washegari aka buga gyara da neman afuwa. Ko kashi ɗaya cikin goma na waɗanda suka yaɗa ƙaryar ba su tura gyaran ba.

Bayan mako guda Abdullatif ya roƙi Malam Dalhatu ya raka shi wurin Inna Kulu. Suka same ta a tsakar gida tana tsinar shinkafa. Duk zaƙin bakinsa ya gudu.

"Inna, ni ne na rubuta. Ki yafe mini. An buga gaskiya, ki dawo rumfarki."

Ta ɗago ta dube shi. "Ashe kai ne. Ai na san ka, ɗan nan. Kai ne mai cewa a ƙara maka yaji."

Ya sunkuyar da kai.

"Na yafe maka, don ni ma ina son Allah ya yafe mani. Amma komawa, a'a. Ka san har nan labarin ya riga ni isowa? Shekaranjiya aka yi suna a gidan nan na kusa. Tun ina budurwa, in ana sha'ani a dangi ni ake miƙa wa ƙullun alale. Na ɗaura zani na shiga madafa, sai uwar jego ta riƙe hannuna ta ce, Inna zauna ki huta, akwai masu yi."

Ta share ido da bakin mayafi ta ci gaba da tsinar shinkafarta.  Inna Kulu ba ta sake soya ƙosan sayarwa ba.

Darasi: Kafin ka rubuta laifin mutum ko ka danna turawa, taka ka je ka ji ta bakinsa. Girman kai kan sa mai ilimi ya raina tambaya, kuma neman afuwa ba ya mayar wa mutum da sunan da aka ɓata masa. Ku tura wannan ga duk wanda kuka san hannunsa na da saurin yaɗa labari.