Tantin da Aka Yi wa Wanka a Tsakar Gida

Akwai wani tsohon direban babbar mota da ya ajiye aiki bayan shekara talatin da biyu a kan titi. Kowa Baba Direba yake ce masa, har matarsa idan ranta ya ɓaci. Mutum ne mai tsadar magana. In ka tambaye shi yaya hanya, sai ya ce "tana nan," ya ci gaba da shan shayinsa.

'Ya'yansa biyu ne suka rage a gabansa. Babban ana kiransa Injiniya, ko da yake a banki yake aiki. Tun yana sakandare ya taɓa kwance fankar falo zai gyara. Fankar ba ta sake juyawa ba, amma sunan ya zauna.

Ƙaramar kuma Auta. Ta karanta awon ruwan sha, ta yi shekara biyu tana yawo da takardu ofis-ofis. Daga ƙarshe wani kamfani mai haƙa rijiyoyin burtsatse ya ce zai ɗauke ta. Sai dai duk wata za ta yi mako uku tare da ma'aikata a wuraren da ba gida ba masauki, kwana a tanti. Suka ba ta mako biyu ta kawo amsa, ranar Litinin.

Auta ba ta taɓa kwana a waje ba. Kuma ta ce ba inda za ta sai da yardar Baba.

"Baba, yarinyar da ƙadangare ke kora daga kicin?" in ji Injiniya. "Ita ce za ta daji?"

"Sau ɗaya ne, Yaya. Kuma da na fito a kan kujera na same ka."

Baba ya ajiye kofi. "Asabar ta ƙarshe mu je gindin tsauni mu kwana ɗaya, mu uku. In gani."

"Me za ka gani, Baba?" Auta ta tambaya.

"Abin da na gani."

Injiniya ya karɓi lamarin hannu bibbiyu. Ya yi odar tanti na mutum shida, mai taga da baranda. Ya haɗa da katifar iska, da fitila mai haske kala uku, da wata wuƙa mai baki goma sha biyu. Ya kalli bidiyo iri-iri, har ya fara gyara wa masu bidiyon kuskure. Kwalin tantin kuwa bai buɗe ba. Ya ce kar ya yi datti.

Auta ta je kasuwa ta sayo na gwanjo, na mutum biyu, kore wanda rana ta cinye. Ta baza shi a tsakar gida. Ranar farko awa ɗaya da rabi ta yi, abin da ya tashi ya fi kama da kayan wanki da iska ta kayar.

Maƙwabciya ta leƙo ta katanga. "Auta, lafiya? Korar ki aka yi daga ɗaki?"

"A'a, Inna, gini nake koyo."

Washegari ta sake. Jibi ma haka. Ta gano sanda ɗaya ta tsage, ta ɗaure ta. Ta gano turaku biyu babu, ta sa maƙeri ya lanƙwasa mata wasu. Ranar ta shida, minti goma sha biyu ta kafa shi.

Daga nan ta roƙi mahaifiyarta alfarma.

"Umma, don Allah ki shiga ki zauna. Zan zuba ruwa ta sama, ki faɗa mini inda yake ɗiga."

"Ni na haife ki ko kaza ce ni?"

Amma ta shiga, da rediyonta. Auta ta hau kujera ta riƙa sheƙa ruwa da bokiti.

"Nan, kan kafaɗata! Ke, a hankali! Ga wani ta ƙafa!"

Auta na bi da alli tana sa alama. Ta kai wa telan bakin layi, ya bi ɗinkin sau biyu, ya ce ta goga kyandir a kan kowane layin zare. Ta goga. Aka sake zuba ruwa, Umma ta fito a bushe, tana mita don dai kar a ce ba ta yi ba.

Injiniya ya ɗauki hoton abin duka ya tura zauren dangi na waya, ya rubuta: "Auta na yi wa gidanta wanka." Dangi suka yi ta turo dariya har da waɗanda ba su taɓa magana a zauren ba.

Baba yana gefe da shayinsa. Abin da ya yi kawai a kwanakin nan shi ne ya ja kujerarsa baya don kar ruwa ya fallatso masa.

Ranar Asabar suka isa gindin tsaunin da rana tsaka. Wuri ne da mutane ke zuwa shan iska, da ƙofa da wani dattijo mai gadi. Suna shiga Injiniya ya hango wani fili mai rairayi a ɗan kwari, sumul, ga inuwar bishiyoyi.

"Ga falo an shimfiɗa mana," ya ce, ya sauke kwalinsa.

Auta ta tsaya tana kallon wurin. Ya yi mata kyau ita ma. Amma ba ta san komai a kan ƙasar nan ba, don haka ta koma ƙofa.

"Baba mai gadi, sannu da aiki. Don Allah idan an yi ruwa a nan, ina yake bi?"

Dattijon ya dube ta da kyau. "'Yata, shekara bakwai ina ƙofar nan. Tambayar da aka saba yi mini ita ce ina waya ta fi kamawa." Ya ɗaga sandarsa ya nuna daidai inda Injiniya ke tsaye. "Can yake bi. Ba ki ga rairayin ba? Wa kike tsammani ya share shi? Ki hau tudun can, ki juya wa gabas baya, daga nan iska ke zuwa."

Ta yi godiya, ta je ta faɗa wa yayanta. Ya ciro waya ya nuna mata.

"Kin gani? Yiwuwar ruwa yau kashi goma cikin ɗari. Kimiyya ce, Auta, ba hirar masu gadi ba."

Baba ya taka rairayin da ƙafa. "Ka duba ƙasan nan kuwa?"

"Na duba, Baba. Laushi kamar katifa."

"To."

Auta ta hau tudu, ta tsince duwatsu, ta juya ƙofar tanti yamma, ta buga turaku a karkace yadda igiya ba za ta zare su ba. Kafin Baba ya gama kewaya wurin ta gama.

A ƙasa kuwa an buɗe kwali a karon farko. Sanduna goma sha huɗu suka zubo, da takardar bayani cikin harsuna huɗu, ba ko ɗaya da Injiniya ke ji. Famfon hura katifa ya fito da wayarsa, yana neman soket. Bayan awa biyu tantin ya tsaya, a ɗan jingine, kamar mai jiran mota. Turaku sun ƙi kama rairayi, sai ya bar su. Rufin sama kuma bai ɗora ba, ya ce yana tare kallon tsauni.

"Baba, nan za ka kwana, cikin sarari." Ya ɗauki jakar Baba ya sa a ciki.

Baba ya shiga ya fito da ita, ya kai tudu ya zauna a kai. "Na fi jin daɗin zama a kanta."

Da yamma kashi goman nan ya iso.

Ba wani ruwan kirki ba ne, bai fi minti arba'in ba. Iska ta fara zuwa daga gabas, kamar yadda aka yi alkawari. Ta ɗaga tantin mutum shida ta kwantar da shi, da mutum ɗaya a ciki. Sannan ruwan tsauni ya gangaro ta hanyarsa ta kullum, iya idon sawu, ya tarar an yi masa gini a kai. Bai yi gardama ba, ya bi ta ciki.

Auta ta tura Baba cikin tantinta ta gangara da gudu. Ta samo zif ɗin, ta buɗe, Injiniya ya rarrafo. Tare suka ja abin da ya jawu zuwa tudu. Takalminsa ɗaya da ledar kayan shayinsa sun riga sun yi gaba.

Mutum uku suka cusu a tantin mutum biyu, gwiwa na gugar gwiwa. Auta ta kwance wata leda ta miƙa wa yayanta busasshen tawul da rigar sanyi. Ruwa na dukan tantin yana gangarewa. Wuri ɗaya tak ya ɗiga, inda alli bai kai ba, kuma daidai tsakar kan Injiniya.

Da ruwa ya ɗauke, ta fita ta kunna ɗan gas ɗinta a waje ta dafa shayi. Ta zuba wa Baba, ta sa hannu a jaka, ta laluba, ta sake lalubawa. Ta zazzage jakar kaf. Ashana na nan, tocila na nan, har allura da zare. Sukari ne babu.

Kowa a gidan ya san Baba ba ya shan shayi ba sukari. Mako biyu tana shiri, ga abin da ta manta.

"Baba, ka yi haƙuri. Na manta sukari."

Baba ya kurɓa, ya ɓata fuska, ya sake kurɓa. Ta saci kallon yayanta tana jiran abin da zai ce, don ta san dama ta samu.

Injiniya ya juya kofinsa. "Nawa sukarin yana hanya," ya ce a hankali. "Ina jin ya kusa teku." Can ya ƙara: "Auta, tambayar nan da kika yi wa mai gadi, a wane bidiyo kika gani?"

"Ba a bidiyo ba ne, Yaya. Ban sani ba ne, shi ya sa na tambaya."

Gari ya waye, suka naɗe kaya. Baba bai ce ta je ko kar ta je ba. A mota ma bai ce ba. Auta na kallon taga tana tsara yadda za ta ba kamfani haƙuri gobe.

Umma ta tare su a ƙofa. "Sannunku. Yaya dajin?"

"Yana nan," in ji Baba. Ya cire takalmi, ya zauna a kujerarsa. "Ki samo roba mai murfi ki auna wa yarinyar nan sukari."

"Na me?"

"Na mako uku. Kar ta je ta ba mutane kunya."

Auta ta tsaya da jaka a hannu. Sai da Umma ta rungume ta sannan maganar ta shige ta, ta durƙusa gaban Baba tana hawaye tana dariya.

"Tashi," ya ce. "Shekara talatin da biyu ina kwana a ƙarƙashin mota. Waɗanda suka ce sun sani na sha jawo su daga rami. Masu tambaya kuwa ban taɓa jawo ko ɗaya ba."

Da yammar ranar, maƙwabciya ta sake leƙowa ta katanga. Ta ga tanti mai baranda a tsakar gida, Umma a ciki da rediyonta, Injiniya a kan kujera da bokiti.

"Ikon Allah! Kai ma an kore ka?"

"A'a, Inna," ya ce. "Gini nake koyo."

Darasi: Duk abin da za ka fara, kwanan daji ne ko waninsa, ka gwada shi a gida tun kuskure bai da tsada, ka bar masu dariya su yi dariyarsu. In ka isa inda ba ka sani ba, ka gaida wanda ka tarar ka tambaye shi. Tsadar kaya ba ta hana jiƙewa, kuma faɗin "ban sani ba" bai taɓa rage wa kowa daraja ba. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman wanda kwalinsa ke nan har yanzu bai buɗe ba.