Goggo Dinya da Kayan Barka

An taɓa yin wata Dinya, babbar agwagwar nan ta fadama, wadda ba ta son a fi ta a komai. Maƙwabciyarta Shamuwa ce, tsohuwa da ta sha tafiye-tafiye, ga ta da tsokana.

Rannan aka aiko wa Dinya cewa 'yarta ta ƙyanƙyashe a wani ɗan tsibiri, can tsakiyar kogi. Aka kuma ce dangin mijin 'yar sun riga sun kai barka, kowa da 'yar shinkafarsa a baki.

"A baki?" in ji Dinya. "Yau za su ga yadda ake kai barka."

Ta cika ƙwarya da shinkafa, ta ɗaure ta a bayanta. Abin da ya rage kuma ta cinye, wai kada ɓera ya samu.

Shamuwa ta dube ta sama da ƙasa, ta ce, "Goggon yara, barka za ki, ko ƙaura?"

"Hassada ce, Yaya. Faɗi abin da ke ranki."

"To, saurara. Mai kaya dole ya yi gudu kafin iska ta riƙe shi. In kin rage gudu, ki faɗo kamar tulu. In ba ki rage ba, ki wuce tsibirin. Ki fara sauka tun daga giginyar bakin gari, a hankali. Ko ki raba kayan biyu."

"In raba? Su ce rabin ƙwarya na kawo? Ni kullum daga kan kukar bakin kogi nake fara sauka."

"Kullum ɗin ba da ƙwarya ba ne," in ji Shamuwa.

Dinya ta yi tsaki. Sai da ta yi ta gudu a ƙasa tana haki kafin ta iya tashi. Shamuwa ta bi ta a baya, don irin wannan kallo ba a barinsa.

Suka wuce giginya, Dinya ko dubawa ba ta yi ba. Da ta iso kan kuka, ta hango tsibirin, ga dangin miji a jere. Ta rage gudu don su gan ta da kyau. Nan take ta ji tana zurmawa ƙasa.

"Wayyo, Yaya!"

"Ƙara gudu!"

Ta ƙara. Ta shimfiɗa fikafikai, ta miƙe ƙafafu don su tare iska, amma ina! Ta wuce ta kan 'yan barka fuuu, ta faɗa cikin laka a hayin kogi. Ƙwarya ta kife, kifaye suka yi walima.

Haka ta iyo zuwa tsibirin, baƙa ƙirin, babu ko ƙwaya. Uwar mijin ta tarbe ta da fara'a.

"Sannu da zuwa, surukata. Mun ga wucewarki, mun zaci wata barkar za ki. Zauna ki ci 'yar shinkafar da muka kawo."

Dinya ta zauna ta ci, kanta a ƙasa.

Ku ji darasin, yara, kuma ba zan maimaita ba: yadda ka sauka jiya ba kaya, ba haka za ka sauka yau da kaya ba. Ka ɗauki abin da za ka iya sauka da shi, ka fara shirin sauka tun daga nesa. Wanda kuma babba ya yi wa magana ya yi tsaki, ya nemi ruwan wanka.