Faifan da Aka Kwantar

An yi wani bawan Allah a wani gari, Lurwanu, mai gyaran kwamfuta, tun zamanin da take da ƙaton akwati. Ku matso, ku saurara.

Wani dattijo, Baba Mati, ya kai masa tasa gyara. A cikin faifan ajiyarta akwai muryar mahaifiyarsa marigayiya tana yi wa jikoki tatsuniya, kuma babu ita a ko'ina sai nan. Lurwanu ya ɗaure faifan a tsaye jikin akwati, tsoho na kallo, sannan tsoho ya tafi da kayansa lafiya lau.

Washegari sai ga tsoho ya dawo da kwamfutar yana kumfar baki.

"Kai yaro, ka kashe min muryar uwata! Ka tsayar da abu kamar mai gadi, ba dole komai ya zube ba?"

'Yan kasuwa suka taru. Wallahi Lurwanu ya tsorata, don ya san uwa ba ta dawowa ta sake magana. Ya buɗe akwati. Me zai gani? Faifai a kwance, an shimfiɗa masa tsumma, wayarsa ta zare! Ashe tsoho ne ya ji tausayin faifai, ya kwance shi da hannunsa don ya huta.

To jama'a, da ku ne fa? An zage ku gaban mutane, ga hujja a hannu? Na san wasunku, har a lasifika za ku faɗa!

Lurwanu ya dubi tsoho, ya ga ya sunkuyar da kai. Ya juya akwatin don kada kowa ya leƙa.

"Baba, a kwance kake son sa? To a kwance zai zauna. Tsaye ko kwance duk ɗaya ne, muddin an ɗaure shi tam."

Ya zare tsumman ya cusa a aljihu, ya ɗaure, ya mayar da waya, ya kunna. Shiru. Shiru. Can sai murya ta fito: "Ga ta nan, ga ta nanku."

Alhamdu lillahi! Lurwanu ya sauke numfashi, tsoho ya zube a benci yana hawaye. Har suka bar duniya babu wanda ya ji zancen tsumma daga bakin Lurwanu. Tsohon ne da kansa ya riƙa ba da labari.

Abin da nake gaya muku shi ne, in Allah ya nuna maka kuskuren ɗan'uwanka, gyara masa, ka rufa masa asiri. Yau kafin ka buɗe baki a kan matarka ko maƙwabcinka, ka tuna kai ma Allah ne ya rufa maka naka.