Shaidar da Ta Kusa Cinye Ƙafa

An taɓa yin wani mutum a cikinmu, mazaunin Panshekara, ma'aikaci a wani kamfanin jima da ke Challawa. Ba zan faɗi sunansa ba, ko da yake shi da bakinsa ya ce in ba da labarin duk inda na ga zai yi amfani. Yana nan da ransa, shi ya sa yau nake magana da sanyin zuciya. Masu waige-waige ku huta, ba ya cikin ɗakin nan.

Wanda bai taɓa shiga kamfanin jima ba, bari in kwatanta masa. Fatun awaki da na tumaki ake kawowa da gishirinsu, a jiƙa su, a zuba cikin manyan ganguna masu juyawa tare da sinadarin da ke zubar da gashi. Ƙasan wurin kullum a jiƙe yake da ruwa mai cin jiki, don haka kowa dogon takalmin roba yake sawa har gwiwa. Wari kuwa ba a magana, yana bin mutum har gida, ko sabulu ba ya raba su. A nan mutumin nan yake wuni a tsaye, kuma duk abin da iyalinsa ke ci, da ƙafafun nan biyu yake nemo shi.

Wata rana ƙusa ta huda takalminsa ta soki babban yatsansa na dama. Ɗan ciwo ne, amma ya ƙi warkewa. Matarsa Uwani ta matsa masa har suka je asibiti. Aka auna shi, aka ce yana da ciwon suga, shi ya sa ciwon ya ƙi kamewa. Aka ba shi magani, aka ce ya riƙa zuwa wankin ciwon, ya kuma nisanci ruwan nan na ɗan lokaci. Ya bi duk abin da aka ce. Ikilisiya ma ba ta zauna ba. Zumuntar mata suka je gidansa da waƙa, dattawa suka ɗora masa hannu. Allah ya ji, ciwo ya bushe.

Ya 'yan'uwa, kun san al'adarmu. Ranar Lahadi, kafin wa'azi, akan ba da fili ga mai shaida ya tashi ya faɗi abin da Ubangiji ya yi masa. Mutumin nan ya tashi. Ya ce Allah ya warkar da shi, kuma gaskiya ya faɗa. Da a nan ya zauna, da babu labarin da zan ba ku. Amma ya ji tafi, ya ji guɗa, ganga ta amsa, sai bakinsa ya zarce. Ya ce shi ko ƙwaya ɗaya bai haɗiya ba, maganin asibiti a kwata ya watsar, bangaskiya kawai ya riƙe. Uwani tana zaune a layin mata, ita da ke miƙa masa ruwan shan maganin kowace safiya. Ta sunkuyar da kai.

Me ya kai shi? Allah ya roƙe shi ya ƙara masa a kan aikinsa? Warkarwar da aka yi masa ba ta isa abin godiya ba sai an yi mata ado? Ba Allah yake so a yaba ba a wannan lokacin, kansa yake so a yaba.

Tun daga ranar ya zama mai suna. Ana kiransa ya yi wa marasa lafiya addu'a, ana nuna shi ga baƙi. Tafiyarsa ma ta canza. Idan ya ji wani ya je asibiti sai ya yi ɗan murmushi ya girgiza kai, wai bangaskiyar mutanen yanzu ta yi ƙaranci. To, mutumin da ya ce ya watsar da magani, yaya za a gan shi a layin karɓar magani? Sai ya daina zuwa. Ragowar da ke gida ma ya daina sha, don kada yara su gani su faɗa a waje. Ya koma cikin ruwan jima kamar babu abin da ya faru.

Ba a daɗe ba ciwon ya sake buɗewa. A nan ne ya kamata ya durƙusa ya ce, Ubangiji, na yi kuskure, nuna mini abin da zan yi. Bai yi ba. Addu'a dai yana yi, amma ba ta neman jagora ba ce. Umarni yake ba Allah, cewa ya rufe ciwon nan da sauri kafin wani ya gani. Sai ya shafa man zaitun, ya naɗe da tsumma, ya zura cikin takalmi. Ciwo ya zama gyambo, gyambo ya fara wari, amma wa zai lura? Kowa ya san ma'aikacin jima da wari yake yawo. A Adaidaita Sahu mutane su toshe hanci su ce aikinsa ne, a coci ma haka.

Mace ɗaya ce ba a iya ruɗa ba. Uwani ta yi shekara da shekaru tana wanke kayan aikinsa, ta san warin fata, ta kuma san wannan daban ne. Ta ga mijinta ya dawo gida ba ya cire takalmi sai ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa. Ta ga abinci na dawowa yadda ta kai shi. Da ta yi masa magana sai ya ce:

"Idan kika kai maganar nan waje, kin tona mini asiri, kin kuma sa an raina sunan Allah."

Ku duba tsaka mai wuyar da baiwar Allah nan ta shiga. In ta yi shiru, ƙafar mijinta na ruɓewa. In ta yi magana, ta saɓa masa ta kunyata shi a gaban jama'a. Ba ta ruga wurin maƙwabta ba, ba ta kuma yi masa gori ba. Ta shiga azumi, tana roƙon abu ɗaya, Allah ya nuna mata hanya. Ta gaya mini daga baya cewa ba ta ji wata murya ba, ba ta yi mafarki ba. Tana tsakar wanke tsumman da yake ɗaure ƙafar ne zuciyarta ta natsu a kan cewa sunan Allah ba ya bukatar ƙarya ta tsare shi. Ta ɗauraye hannu, ta yafa mayafi, ta zo ta same ni, ni fastonsu.

Da yamma, lokacin tashi daga aiki, muka tsaya a ƙofar kamfanin, ni da ita da wani dattijon ikilisiya. Ma'aikata suna ta fitowa. Can muka hango shi a baya, yana jan ƙafa, yana dafe da kafaɗar abokin aikinsa, wani Musulmi mai suna Musbahu. Da ya gan mu sai ya saki kafaɗar, ya miƙe tsaye, ya ɗaura fara'a, ya nufo mu da tafiyar masu lafiya. Bai iso ba ya kife a ƙasa, jikinsa zafi kamar garwashi. Ƙafar ta kumbura har takalmin ya ƙi fita, sai da Musbahu ya sa wuƙar aiki ya tsaga shi daga sama har ƙasa. Abin da muka gani ba zan faɗa ba, tun da akwai waɗanda ba su karya ba tukuna. Musbahu ya cire rigarsa ya rufe wurin, ya tare mana mota, bai kuma bar mu ba sai da aka ba da gado.

Likita bai ɓoye mana komai ba. Ya ce ruɓar ta yi nisa, za su shiga tiyata, kuma mai yiwuwa ne sai an yanke daga ƙasan gwiwa. Sai sun buɗe za su sani. Uwani ta zauna a ƙasa. Mutumin da ke wuni a tsaye, idan ƙafa ta tafi, me ya rage masa da 'ya'yansa?

Kafin a tura shi ciki ya kama hannuna. Ya ce:

"Fasto, na sha maganin nan. Duk na sha, shi Allah ya yi amfani da shi ya warkar da ni. Ƙarya na yi a gaban Ubangiji da jama'arsa. Ku fara roƙa mini gafara, sannan ku roƙa mini ƙafar."

Haka muka yi, a kan wannan tsari. Muka tsaya a barandar asibiti muna addu'a, mata suka yi ta zuwa daga Panshekara suna ƙaruwa. Musbahu ya koma gefe yana nasa roƙon. Da likita ya fito, ya sauke abin rufe bakinsa, ya ce sun cire babban yatsa da na kusa da shi, amma naman da ke sama yana da rai, ƙafa ta tsira. Ya ce da an ƙara jinkiri kaɗan, da ba zancen ƙafa ake yi ba, zancen rai ne. Uwani ba ta yi guɗa ba. Ta rufe fuska da mayafi ta yi ta kuka, mu ma ba mu hana ta ba, don namu idanun ba a bushe suke ba.

Bai fita haka kawai ba. Yatsu sun tafi, aikin jima ya ƙare masa, sunan da ya gina a kan ƙarya ya rushe. Yanzu gadi yake yi a wata masana'anta a Sharada, yana ɗan ɗingishi. Amma da ƙafarsa yake zuwa, da ƙafarsa yake komawa wurin iyalinsa, kuma ban taɓa ganinsa da kwanciyar rai irin ta yanzu ba.

Ya 'yan'uwa, ku ji ni da kyau. Allah yana warkarwa. Yana yi ta wurin ɗora hannu, yana yi ta hannun likita, kuma duka biyun aikinsa ne. Shan magani ba rashin bangaskiya ba ne. Girman kai ne ya kusa kashe mutumin nan, da kunyar cewa na yi kuskure. Idan za ka ba da shaida, faɗi iyakar abin da aka yi maka ka zauna. Idan ciwo ya dawo, dawo ka ce a sake yi maka addu'a, babu wanda zai yi maka dariya. Idan ka rasa abin yi, tambayi Ubangiji, ka kuma yarda ya ba ka amsar da ba ita kake so ba. Ko akwai wani a nan da ke ɓoye ciwo, na jiki ko na zuciya, don kada a ce bangaskiyarsa ta gaza? Kada ka bari ya kai gobe.

Allah ya kiyaye mu da yi masa ƙarya don neman yabon mutane. Ya ba mu tawali'un neman taimako tun da sauran lokaci, ya taɓa marasa lafiyarmu, ya sa albarka a hannun masu jinyarsu. Cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.